Hamisu Breaker Ya Sa Samarin Birni Kuka, Kuma Mun Gode

Masu cewa muryar Hamisu Breaker aikin na'ura ce, don Allah su ba mu wuri. Na'urar nan kowane situdiyo a Kano yana da ita, me ya sa ba kowa ke sa gashin jikin mutum ya tashi ba? Wannan bawan Allah ɗan Dorayi yana da wata karyewar murya da ba a saya a kasuwa. Yakan ja kalma har ka ce numfashinsa zai ɗauke, sannan ya sake ta a hankali, kai kuwa ka tsinci kanka kana tuna wadda ta yi aure ta bar ka, ko da kuwa ba a taɓa yi maka hakan ba.

“Jaruma” ce ta kai shi ko'ina a 2020, lokacin kullen korona. Matan aure suka riƙa taka rawa a gaban mazajensu suna ɗorawa a intanet, malamai suka yi ta faɗa, gari ya ɗauka. Rawar ce ta cika bakin mutane. Ni kuwa abin da ya kashe ni shi ne yadda namiji ya tsaya a bainar jama'a ya nuna cewa mace ta fi ƙarfin zuciyarsa, bai ji kunya ba, bai fake da barkwanci ba. A cikin birni fa! Mu da aka raine mu a kan cewa namiji ba ya kuka, in so ya kama ka sai ka haɗiye, ka aika ƙanwarka da saƙo.

Yanzu ka bi ta Mandawari ko Yakasai bayan la'asar ka gani. Mai adaidaita sahu ya ƙure sauti, yana bin baitin da ido a lumshe (Allah dai ya kiyaye hanya). Yaron shago a kasuwar Kurmi yana ninke atamfa yana rera ta ƙasa-ƙasa don kada maigida ya ji. Ga samari an tara suma a tsakiya an aske gefe, wando ya kama ƙafa, baƙin tabarau ko da magariba ta kawo kai, an ɗan karkatar da wuya kamar wanda duniya ta yi wa ba daidai ba. A ɗauki hoto ba murmushi, a rubuta kalaman ɓacin rai a ƙasa. Iyaye na kiran askin na banza, 'yan Hisbah ma sun sha sa almakashi a irinsa. Bayan wata guda sumar ta sake tohowa.

A Amurka an yi irin wannan, su suna ce masa emo. Ya faro ne a birnin Washington a tsakiyar shekarun 1980, ya bunƙasa bayan 2000, lokacin da ƙungiyoyi irin su My Chemical Romance suka sa matasa shiga baƙaƙen kaya, suna zubo gashi a kan ido ɗaya, maza na zizara kwalli. Wai har da kwalli ake taƙama! Kakanninmu maza sun daɗe suna sa shi ranar Juma'a. Nasu kiɗan na garaya irin ta Turawa ne mai hargowa, namu na fiyano ne mai sanyi, amma ciwon guda ne.

Kuma namu ba aro ba ne. Tun zamanin littattafan soyayya, lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ke yawo hannu zuwa hannu, Kano take koyon faɗin abin da ke ranta. Finafinan Indiya sun ba da gudummawa, fim ɗin Sangaya ya yayata kiɗan fiyano, waƙar nanaye ta kafu, su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka share fage. Breaker ya zo ya ƙara wa miyar gishiri. Shi baitinsa gajere ne, Hausarsa ta zance ce, wadda yarinya 'yar sakandare da direban tirela duk za su gane, kuma amshinsa in ya shiga kunne sai ya kwana uku bai fita ba.

Na san akwai masu cewa duk waƙoƙinsa hanya ɗaya suke bi: so, rabuwa, bege, a sake komawa so. To sai me? Wa ya taɓa ƙosawa da jin labarin abin da ke cin sa? A gidan biki, da zarar mai kiɗa ya saki muryarsa, ƙawayen amarya kan tashi gaba ɗaya, har gwaggon da ta gama faɗa a kan waƙoƙin zamani sai ka ga ƙafarta na motsi a ƙarƙashin kujera.

Roƙona ɗaya gare ka, Malam Hamisu, Allah ya ƙara basira: ka yi mana kundi guda da makaɗa na gaske, kalangu da sarewa da kukuma, ka ajiye fiyanon a gefe. Ranar da ya fito, ni zan fara kai wa masu cewa na'ura ce har gida.