Faifai da Dandali: Tsokaci Kan Nazarin Waƙar Baka Daga Ojoo, Ibadan

1.0 Gabatarwa

Tun da aiki ya kawo ni Ibadan nakan leƙa Ojoo da yamma, can bakin hanyar da manyan motoci ke bi zuwa Arewa, inda Hausawa direbobi da 'yan kamasho da masu shayi suka yi mazauni. Ƙanwa ce ga tsohuwar unguwar Sabo da aka kafa a 1916, wadda Abner Cohen (1969) ya nazarta. A nan na soma shakkar wata ɗabi'a tamu ta manazarta, wato ɗaukar abin da ke cikin faifai a matsayin shi ne waƙar ɗungurungum. Wannan maƙala tsokaci ce a kan haka.

2.0 Abin da Faifai Ke Riƙewa da Wanda Yake Zubarwa

A teburin mai shayi, waƙar "Karen Mota" ta Ɗanmaraya Jos (ya rasu 2015) ba ta rasa masu saurare, da yake 'yan sana'ar ne ke zaune. Da a kaset ake jin ta, yanzu a wayar hannu. A ganina Ɗanmaraya bai yi babbar asara a faifai ba, domin shi kaɗai ne da kuntiginsa, ba 'yan amshi, kuma nauyin waƙarsa a kan labari da hoton halayen mutane yake.

Lamarin Alhaji Mamman Shata (ya rasu 1999) daban ne. Shata da idon jama'a yake gina waƙa. Gindin waƙa ne kurum tsayayye, amma ɗiyanta suna ƙaruwa ko raguwa gwargwadon wanda ya shigo fage, da wanda ya yi kari, da wanda ya cancanci habaici. Shi ya sa Bakandamiya ba sau ɗaya ya rera ta ba, kuma ba iri ɗaya ba. Dandatti Abdulƙadir (1975) ya dubi Shata a cikin al'ummarsa ne, ba a bakin rediyo kaɗai ba.

Na ƙara tabbatar da haka a wani bikin aure a Ojoo. Wani makaɗin kalangu, wanda ba shi da faifai ko ɗaya, yana tsakar yabon uban ango sai ga wani dillalin shanu ya shigo. Sanƙira ya ɗaga murya, kiɗa ya sauya, nan take aka yi wa baƙon ɗiya uku, har da gaisuwar Yarabanci saboda maƙwabta. Wani yaro ya ɗauka a waya. Da na saurara washegari, kalmomin suna nan, amma dalilin juyawar ya ɓace. Wanda bai halarta ba zai ce makaɗin ya saki turke, alhali a wurin ne ya fi nuna gwaninta.

Ba cewa nake a yi watsi da faifai ba. In ba don shi ba, da muryar Narambaɗa ta bi shi kabari. Abin da ke damuna shi ne kundayen ɗalibanmu. Ɗalibi zai juyi waƙa daga waya, ya ƙirga ɗiyanta, ya fitar da turke da tubalansa bisa tsarin Gusau (1993), sannan ya yanke hukunci a kan "waƙar", ba tare da ya faɗi wace rerawa ce ba, a ina aka yi ta, gaban wa, a sutudiyo ko a dandali. Mu ma masu duba kundayen ba kasafai muke tambaya ba. Ni kaina na sa hannu a kan irinsu kafin zuwana Ojoo.