Ado Ya Yi Yawa, Karatu Ya Gagara

Marubutanmu da dama sun koyi gina shafin kansu da WordPress ko Blogger, abin a yaba ne. Sai dai yawancinsu ado suka sa a gaba. Ka buɗe shafin mawaƙi, hotuna masu motsi su cinye maka data tun baitin farko bai bayyana ba. Alhali mai karatu a Maraɗi ko Damagaram galibi da waya yake shiga, kuma sayen datar yake yi.

Babban aibin yana wajen zaɓen salon haruffa. Wasu an ƙera su ne don Turanci, babu ƙ, ɗ, ɓ a ciki, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Sai harafin ya fito bare cikin 'yan uwansa, ko ya zama akwati. Maimakon marubuci ya koma salo irin Noto Sans, sai ya cire lanƙwasar, ƙasa ta koma kasa.

Ga kuma sakacin ajiya. Yahoo ta rufe GeoCities a 2009, rubuce-rubuce masu yawa suka salwanta. Mai shafi ya riƙa sauke kwafin aikinsa, ya sabunta rajistar sunan shafin kafin wa'adi ya cika.