Uwar da Ta Bi Sawu: Cigiya a Littafin Shaihu Umar

Manazarta sun saba ɗaukar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933, a matsayin labarin bauta da ƙaddara. A ganinmu, jigon da aka yi wa riƙon sakainar kashi shi ne cigiya.

Umar ne mai ba da labari, kuma ɓatansa ta zame masa alheri, domin a hannun Abdulkarim ya yi karatu har ya zama shaihi. Mahaifiyarsa fa? Ta bar gida, ta keta Sahara, ta faɗa bauta, ba ta ga ɗanta ba sai a Tarabulus, ajali na gab da ita. A nan zuciyar littafin take, amma marubucin ya yi mata rowar shafuka. Ta bakin ɗanta kawai muke jin ta.

Wannan giɓi ya fi ciwo a yau. Tun da aka sace 'yan matan Chibok 276 a 2014, akwai iyayen da ba su yi zaman makoki ba, ba su kuma daina sauraren sallama a ƙofar gida ba. Muna jiran ɗalibin da zai bar irin wannan uwa ta yi magana da bakinta.