Take Ba Kirari: Jitar Japanawa a Wayoyin Samarin Gusau

Ka tambayi saurayi a Gusau ko ya san Asian Kung-Fu Generation, sai ya ɗauka sunan fim ɗin Chana kake faɗa. Amma ka kunna masa farkon waƙarsu "Haruka Kanata", kafin mawaƙin ya buɗe baki zai ce maka ai waƙar Naruto ce. Haka kiɗan jitar Japanawa ya shigo ƙasar Zamfara, a goye bayan kartun. Mai turi ya zuba wa yaro kashi hamsin a memori, yaro ya tura wa abokinsa na Tsafe ta Xender, na Tsafe ya kai wa ɗan gwaggonsa a Bungudu, kuma kowane kashi da waƙa yake farawa.

Su huɗu ne a ƙungiyar, sun haɗu a jami'ar Kanto Gakuin da ke Yokohama a 1996. Masafumi Gotoh ke jan baki yana kaɗa jita, Kensuke Kita na riƙe da jita ta biyu, Takahiro Yamada na da mai kaurin murya, Kiyoshi Ijichi kuma ganguna. Waƙar da ta kai su duniya ta fito a ƙaramin faifansu na 2002, sai a 2003 aka ɗora ta a goshin Naruto, wanda tashar TV Tokyo ke nunawa. Ke nan ba don Naruto aka yi ta ba, kuma ko sau ɗaya ba ta ambaci sunansa ba. Daga baya suka ba Fullmetal Alchemist waƙar "Rewrite" a 2004, suka ba Bleach "After Dark" a 2007.

Abin lura shi ne awon da ake yi wa irin waɗannan waƙoƙi. Talabijin ba ya ba su fiye da kusan minti ɗaya da rabi, don haka dole a datse duk wani jan rai. A "Haruka Kanata", jita mai kauri ta fara ita kaɗai kamar mai gunaguni, ganguna su faɗo mata, sauran jitoci su rufe da amo mai ƙarfi, mawaƙi ya yi ɗiya ɗaya a gaggauce, sai amshi ya fashe daidai lokacin da jarumin ke tsalle a allon waya. Wanda ya saba da Ɗanƙwairo, inda ake ɗaukar lokaci ana jera ɗiya ana komawa gindi, zai ce wannan ai ba a fara ba aka gama. Yana da gaskiyarsa, domin cikakkiyar waƙar ta kai wajen minti huɗu, kuma akasarin masu kallo guntun kawai suka sani.

To me ya sa take kama kunnen da bai san ko kalma ɗaya ta Japananci ba? A ganina kunnen Bazamfare ya riga ya san aikin da take yi. Take ce. A filin dambe, kafin makaɗi ya furta komai, kalangu ya riga ya faɗi wanda ake kira, jama'a sun juya suna neman inda zai fito, shi kuma tsuma ta taso masa. Yaron da ke jin bugun farko na "Silhouette" ta ƙungiyar KANA-BOON, wadda ta buɗe wani zango na Naruto Shippuden a 2014, ya san an kai lokacin babban yaƙi, jikinsa ya amsa tun kafin hoto ya nuna. Sai dai take ce da ba kirari a bayanta. Ɗan Anace ya kira Shago da sunansa, ya jera abokan karawarsa, shi ya sa har yau ba a ambaton ɗaya a bar ɗaya. A nan kuwa jarumi ya haɗiye makaɗinsa ɗungurungum.

Wannan ba arashi ba ne, ciniki ne. Asian Kung-Fu Generation da KANA-BOON da FLOW mai waƙar "GO!!!" duk sun yi aiki a ƙarƙashin Ki/oon, reshen kamfanin Sony. Kamfani na neman inda zai tallata sabon faifai, masu kartun na neman waƙa, sai a ɗaura aure na 'yan watanni, a sauke wannan a ɗora wata. A Japan dabarar tana biya, don mai kallo zai je ya sayi faifan. Faifan Asian Kung-Fu Generation "Sol-fa" na 2004 har ya hau saman jadawalin Oricon. A Gusau kuwa kuɗin yana tsayawa ne a teburin mai turi.

Kada a ɗauka jita baƙuwa ce a wannan yanki. Mdou Moctar, Buzun Nijar da yanzu yake cika ɗakunan wasa a Amurka, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, "Anar", a 2008, kuma shi ma ta memori da bulutut waƙoƙinsa suka bi Sahara. Bambancin kawai, nasa sun tafi su kaɗai, ba kartun a gaba. Na Japanawa kuwa ko a wayar ma ba su da fayil nasu, suna cikin kashin fim, kuma yaro mai ɗokin ganin yadda faɗa zai kaya, da ya kai kashi na goma sai ya fara sa yatsa yana tsallake su.