Fuskar Jaruma a Bango, Muryar Wata a Kaset

A farkon shekarun 2000, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano zuwa Bata yana gane bangon mujallar Hausa tun daga tsallaken titi. Ja ne da rawaya, sunan mujallar a sama da manyan haruffa, fuskar jaruma a tsakiya ta yafa mayafi ta ɗan karkata kai, ƙananan hotuna a gefe cikin da'ira, sannan kanun labarai sun mamaye duk inda ya rage, har da kan kafaɗar jarumar. Matasan da ke tsara hotunan kundin waƙoƙi a yau, idan suka ci karo da irin wannan bango, dariya suke yi, su ce ƙauyanci ne. Ni ban yarda ba. Wanda ya tsara wancan bango ya fi su sanin wanda yake yi wa aiki. Yana da laifinsa, babba ma kuwa, amma ba shi ne wanda suke ɗora masa ba.

Wannan yanki na gari ya daɗe yana koya wa idon Bakano abin da zai kalla. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ba a jima ba aka kafa Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwar da jirgin ya kawo, ga Fagge kuma tun can zangon baƙi ce. Jaridun Ikko, fayafayen garmaho, injinan ɗab'i, duk ta nan suka riƙa shigowa. A nan ne kuma gidajen silima suka yi sansani: Rex a Sabon Gari tun 1937, daga baya Plaza a Fagge da Eldorado. Fastar fim ɗin Indiya da ake mannawa a ƙofar silima ita ce makarantar farko ta mai zanen Kano: fuska babba, launi mai ƙarfi, mugu a kusurwa ɗaya, masoya a ɗaya. Saboda haka lokacin da Sunusi Shehu Daneji ya fito da Tauraruwa a 1998, yana kallon mujallar Stardust ta Bombay, ba baƙon abu ya kawo wa mutane ba. Idonsu ya riga ya saba. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim daga Kaduna, wasu ƙananan mujallu suka biyo baya, yawancinsu da kuɗin aljihun mutum ɗaya ko biyu, wasu ko shekara ba su kai ba suka mutu. A cikin waɗannan mujallu waƙar zamani ta Hausa ta samu masauki, domin ita kanta a lokacin cikin fim take zaune.

To, me ya sa bangon ya cika maƙil? Sai mutum ya tuna yadda ake sayar da mujallar. Mai jarida ba ya shimfiɗa kowace ita kaɗai. Jera su yake yi wata kan wata, ya danne da dutse saboda iska, ko ya rataya su a igiya da abin maƙale shanya. Abin da ke fitowa fili sau da yawa saman bango ne kawai, ko gefe ɗaya. Mai kallon kuma a tsaye yake, ko fasinja mai jiran jirgi ko mota, ko ɗan acaɓa da ya tsaya shan iska, ko cikin 'yan karatun kyauta da ke kewaye teburin tun safe. Ba shi da lokaci, kuɗinsa ma a ƙirge suke. Kowane kanun labari da ke bangon wani mutum daban yake kira: wannan na mai son jin wa ya auri wa, wancan na mai bibiyar rigimar furodusa da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, na ƙasa kuma na yarinyar da ke son baitocin waƙar da ta ji a kaset a rubuce. Kuma kwafi ɗaya ba mutum ɗaya ke karanta shi ba. Daga shagon tela zai shiga gida, daga gida ya tafi makarantar kwana a ƙasan akwati, ya dawo ba bango. Mai tsara shafin da ya bar rabin bango fari fat don kyan gani, kuɗin takarda kawai ya zubar.

Akwai kuma mai kallo na biyu da bangon ke la'akari da shi, wanda ba saye zai yi ba: maigida, ko yaya babba, ko malamar makaranta. Mujallar sai ta wuce ta gabansu kafin ta zauna a ɗaki. Shi ya sa mayafin jaruma a bango ba ado kaɗai ba ne, takardar izinin shiga gida ne. Bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, musamman bayan 2007, shekarar da aka ɗaure Adam A. Zango kan kundinsa na Bahaushiya, wannan taka-tsantsan ya ƙaru. Mutum na iya ƙin yanayin da ya haifar da hakan, amma ba zai ce masu zanen ba su san kasuwarsu ba.

Laifin da nake gani shi ne wannan. Waƙa ce ke sayar da fim, fim ke sayar da mujalla, amma mai waƙar ba ya kan bango. Kowa ya san fim ɗin Sangaya da Ali Nuhu da Fati Muhammad. A tambayi mutum goma a Kantin Kwari wa ya kaɗa fiyanon da ya sa gari ya ɗauka, a ga yadda za a yi ta kallon juna. Muryoyin da suka riƙe masana'antar a wancan zamani, irin su Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Mudassir Ƙasim, Sadi Sidi Sharifai, Fati Nijar da Maryam A. Baba, ana jin su a kowane shago da kowace motar haya, amma fuskar da ke bango ta wanda ya motsa baki ce a gaban kyamara. An kwaso wannan al'ada daga Indiya, sai dai an kwaso rabi: can ko ɗan yaro ya san Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, sunansu na kan faifai. Nan kuwa mawaƙiya sai ta yi sa'a ta samu shafi a can ciki, da ƙaramin hoto baƙi da fari. Mai kiɗan da ke zaune gaban fiyanon Yamaha a ɗakin ɗaukar sauti irin na Iyan-Tama, shi ko wannan ma da wuya.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna cewa ba haka muka gada ba. Kaset ɗin Shata hoton Shata ne a jiki, na Ɗanmaraya Jos shi ne da kuntiginsa, na Barmani Coge ita ce da matan amada da ƙwaryarsu. Kuma ba a ce masu mujallun ba su san darajar mawaƙi ba. Shata ya rasu a watan Yuni na 1999, watanni kaɗan bayan fitowar Fim, kuma Sheme ɗin nan ne ya jagoranci rubuta tarihinsa, Shata Ikon Allah, da ya fito a 2006. Sanin yana nan. Bango ne dai aka bar wa kasuwa ta yanke hukunci, kasuwa kuma ta ce fuska.

Yanzu zamani ya juya. Tun da su Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Nazifi Asnanic da Ali Jita suka riƙa fitar da kundi da sunansu, mawaƙi ya fito daga bayan labule. Lokacin da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe gari a 2020, ba wanda ya tambayi wane fim ne. Teburin mai jarida ya tsuke, aikin bango ya koma ɗan hoto mai kusurwa huɗu a YouTube da Audiomack, ko a wayar da ake tura wa waƙoƙi a Beirut Road. Na so a ce nan ne aka gyara. Amma dubi hotunan: saurayi da baƙin tabarau, ya jingina da motar da ba tasa ba, hayaƙi shuɗi a bayansa, sunan waƙa da siririn rubutu irin na Legas wanda ba ya karantuwa a fuskar ƙaramar waya. Ka ɗora goma a jere, ba ka bambance na mai waƙar soyayya da na mai hip-hop da na mai yabon ɗan siyasa. Tsohon bango aƙalla yana gaya maka abin da ke ciki. Wannan babu abin da yake faɗa sai cewa mai shi ya ga na wasu.

Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa an yi watsi da su gaba ɗaya. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙera haruffan Hausa na kwamfuta don masu ɗab'i su samu abin aiki. Yau kowace waya na da su kyauta, amma mai zane zai zaɓi salon rubutun da ba shi da su saboda ya fi kama da na Turai, ya rubuta sunan waƙar Hausa a gurgunce. Mai kiɗa kuma har yanzu yana inda yake. Idan an ambace shi, to a ƙasa ne can, da rubutun da sai an zuƙo hoton.

Masu kare sabon salon suna cewa haka duniya ke yi. Wace duniyar? Ƙananan mujallun kiɗa da suka yi suna a Turai da Amurka ba da kwaikwayon manya suka yi shi ba. Sniffin' Glue da Mark Perry ya fara a Landan a 1976 da alƙalamin maka da injin hoton takarda aka yi ta, kanunta a karkace, kuma masu sauraron irin kiɗan da take magana a kai suka gane tasu ce saboda wannan karkacewar. David Carson na mujallar Ray Gun ya taɓa buga hira sukutum da Bryan Ferry a 1994 da alamomin da ba sa karantuwa, wai don hirar ta gundure shi. Wannan iskanci ne, ban ce a yi koyi da shi ba, amma ya san masu sayen mujallarsa za su ji daɗin iskancin. Kowannensu mutanensa ya kalla. Haka shi ma yaron da ke zaune gaban CorelDraw a wani lungu na Fagge a 2002, yana cusa kanu na bakwai a bango, mutanensa yake kallo.

Ana yawan jin matasa na cewa za su farfaɗo da mujallar waƙa, ko a takarda ko a intanet, kuma ina fatan su yi. Takarda ta yi tsada, mujallar NME ta Ingila ma da duk tarihinta ta daina fitowa mako-mako a takarda a 2018, don haka wataƙila a waya za ta zauna. Ko ina ta zauna, fuskar waya ta fi teburin mai jarida cunkoso, mai dubawa kuma ya fi fasinjan tasha gaggawa, saboda haka manyan haruffa da launi mai ƙarfi da kanun da ke faɗin abin da ke ciki ba su tsufa ba. Abin da nake jira in gani a bugu na farko shi ne mai kiɗa a tsakiyar bango, zaune gaban fiyanonsa, da cikakken sunansa, da jerin waƙoƙin da ya kaɗa waɗanda aka yi shekara ashirin ana jingina wa wasu.