Taguwar Annabi Yusufu: Launi ko Tsawo?

A cikin littafin farko na Attaura, wanda a Hausa ake kira Farawa, sura 37 aya 3, an ce Yakubu ya fi son Yusufu bisa sauran 'ya'yansa, har ya yi masa wata tufa ta musamman. Da kalmomi biyu na Ibrananci aka ambaci tufar, watau ketonet da passim. Ta farin ba gardama a kanta, taguwa ce. Ta biyun ita ce ta rarraba kan masana tun zamanin da.

Yahudawan Iskandariya da suka juya Attaura zuwa Girkanci, wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ɗauka launi iri iri ake nufi. Fassarar Turanci ta 1611 ta bi sawunsu, shi ya sa hotunan littattafan yara ke nuna yaro cikin tufa mai ratsi ratsi. Rashi, malamin Yahudawan Faransa wanda ya rasu a 1105, ya ce ulu ne mai laushi. Amma fa kalmar pas ta fito a littafin Daniyel, sura 5 aya 5, cikin Aramiyanci, da ma'anar tafin hannu. In an bi wannan, taguwa ce mai kaiwa tafin hannu da idon sawu. Fassarar Turanci ta 1952 nan ta karkata.

Wannan ra'ayi na ƙarshe ya fi kama hankali. Kalmomin nan biyu ba su sake haɗuwa a wani labari ba sai a Sama'ila na Biyu, sura 13 aya 18, inda aka ce irin tufar 'ya'yan sarki mata ce. Ashe zancen muƙami ne. 'Yan'uwan Yusufu makiyaya ne, kuma duk wanda ya ga masu noma da kiwo a karkarar Bunguɗu ko Tsafe ya san ba a shiga aiki da hannun riga yana reto. 'Yar shara ake sawa. Uban da ya tufatar da ɗa mai shekara 17 da irin wannan, ya ɗauke masa wahala ke nan, ya kuwa ɗora shi bisa yayyensa. Mutumin da ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Katsinan Gusau, ko ta 'Yandoton Tsafe, ran naɗi, ba sai an gaya masa abin da alkyabba ke faɗi ba. Lalle al'adar Zamfara ba hujja ba ce kan Ibrananci, ta dai taimaki mai karatu ya ga dalilin da ya sa, a aya 23, abin da suka fara yi shi ne tuɓe masa ita. Ƙyashin launi bai isa a jefa ƙane rijiya ba.

Akwai wani tuntuɓe da malaman kwalejojin horo za su kiyaye. Galibin ɗalibai a garuruwan nan sun san ƙissar daga tafsirin azumi. Suratu Yusuf ta ambaci ƙamis a wurare uku: wanda aka shafa wa jinin ƙarya, da wanda ya yage ta baya, da wanda aka jefa a fuskar uba ganinsa ya komo. Ba ta ce uba ya ɗinka masa tufa ta fifiko ba, balle launinta. Malamin da ya cuɗanya nassoshin biyu ya ɗora wa kowanne abin da bai faɗa ba.

Kalmar riga ma da sauranta. Da Bahaushe ya ji an ce uba ya ba ɗansa riga, babbar riga mai aiki ke faɗo masa a rai, alhali ketonet da ƙamis duka tufafi ne da ke bin jiki. Ɗalibin da aka ba ayar ya juya, in ya rubuta doguwar taguwa mai dogon hannu, bai kamata a rage masa maki ba.