John Tafida Wusasa da Bashin da Kyauta Ya Biya: Waiwaye a Kan Jiki Magayi

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen littattafan soyayya na Hausa, Kano hankalin mai sauraro yake tafiya. Zai tuna rumfunan 'yan littafi na bakin Bata da kasuwar Sabon Gari, da ƙungiyar Raina Kama, da shekarun 1980 zuwa 1990, lokacin da 'yan mata ke ɓoye ƙananan littattafai a ƙarƙashin matashi. Da wuya a ji wanda ya waiwayi Zariya, balle ƙauyen Wusasa da ke gefenta. Alhali kuwa daga can ne aka samu mutumin da ya fara ɗora ƙagaggen labarin Hausa na boko a kan soyayya da aure, wato John Tafida, wanda sunansa yake tare da na Rupert East a bangon Jiki Magayi.

Wannan maƙala za ta dubi mutumin da muhallin da ya haife shi, sannan ta nazarci littafinsa. Abin da take son tabbatarwa shi ne, Tafida ya riga marubutan Kano da rabin ƙarni wajen gano ciwon da ke cikin auren da dukiya ta ƙulla, kuma ya nuna abin da yawancinsu ba su tsaya a kai ba: wanda ya fi biyan bashin irin wannan aure shi ne ɗan da aka haifa a cikinsa.

Wusasa da Mutanenta

Ba za a fahimci John Tafida ba sai an san inda ya fito. A farkon ƙarni na ashirin wani likita Bature ɗan mishan, Dokta Walter Miller, ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da wurin shan magani. A ƙarshen shekarun 1920 aka mayar da wannan zama zuwa Wusasa, a wajen ganuwa. A nan wata 'yar ƙaramar al'umma ta Hausawa da Fulani Kiristoci ta yi saiwa. Hausa ce harshensu na gida da na ibada, tufafinsu da abincinsu da gaisuwarsu duk na Zazzau ne, sun kuma riga yawancin mutanen Arewa riƙe alƙalamin boko. A 1932 aka buga fassarar Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, aikin da Miller ya jagoranta. Daga wannan ƙauye aka samu Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, a nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

John Tafida Umaru ɗan wannan al'umma ne. Matsayinsa ya ba shi abin da marubuci ke bukata ƙwarai: yana cikin rayuwar Hausawa tsundum, yana kuma iya ja da baya kaɗan ya kalle ta. Abin lura shi ne, duk mutanen da ke cikin littafinsa Musulmi ne, kuma bai mayar da labarin dandalin jan kowa zuwa addininsa ba. Ya rubuta Malam Shehu da Abubakar da Zainabu kamar yadda mutum zai ba da labarin maƙwabtansa, ya san abin da ke faranta musu da abin da ke hana su barci.

Gasar 1933

A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya nemi malaman Arewa su rubuta ƙagaggun labarai cikin Hausar boko, domin ɗaliban makarantu su sami abin karantawa. Daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi shi ne na biyar a wannan ayari, shi kaɗai ne kuma East ya sa sunansa a kai a matsayin abokin rubutu.

Idan aka jera littattafan biyar, bambancin nan take yake bayyana. Ruwan Bagaja yawon duniya ne da raha, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta rama wa juna daga gari zuwa gari. Ganɗoki jaruntaka ce da yaƙi da aljanu. Shaihu Umar labarin bauta ne da ƙetare Sahara. Jiki Magayi kuwa a cikin gida ya tsaya: mutum yana son haihuwa, saurayi yana son budurwa, iyaye suna duban abin hannu. Ba sarauta ake nema ba, ba ganima ba. Abin da ake rikici a kansa shi ne wa zai auri Zainabu.

Sunayen sauran marubutan sun yi nisa ta wasu hanyoyi. Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya rubuta Magana Jari Ce. Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Tafida kuwa wannan littafi ne ya riƙe sunansa, shi ma rabin bango aka ba shi. Ɗalibai da yawa da suka karanta shi don jarrabawa sun haddace sunan Kyauta, sun manta na wanda ya ƙirƙire shi.

Labarin a Taƙaice

A garin Galma akwai wani attajiri, Malam Shehu, wanda Allah ya ba dukiya da mata amma bai ba shi haihuwa ba. Ya yi mafarki cewa in ya auri wata yarinya, Zainabu, zai sami ɗa. Ita kuwa Zainabu akwai wanda suke son juna, Abubakar, an kuma san da zancensu. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da Malam Shehu. Abubakar ya bar gari da alwashin ramuwa, ya sha wahalar daji da ta tafiya har ya samo sammun da yake nema. Mafarkin Malam Shehu ya tabbata, aka haifi Abdullahi, wanda ake kira Kyauta. A kan wannan yaro Abubakar ya sauke fushinsa. Kyauta ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, ya shiga duniya. A ƙarshe ya shiga wani gida sata, ya kashe maigidan, bai san mahaifinsa ba ne. Da gaskiya ta bayyana gare shi ya tashi neman Abubakar don ya rama, sai ya tarar mutuwa ta riga shi.

Jikin Wa Ya Gaya Masa?

Sunan littafin karin magana ne: wanda ya ƙi jin bari, jikinsa zai gaya masa. Tambayar da ta kamaci mai nazari ita ce, a wannan labari jikin wa aka nufa?

Amsa ta kusa ita ce Malam Shehu. Ya ga abin da yake so, ya san na wani ne, ya sa kuɗi ya ɗauka. Ɗan da ya saya da kukan wani shi ne ya zama ajalinsa. Amsa ta biyu Abubakar. An zalunce shi, ba musu, amma ya mayar da dukan rayuwarsa makamin ramuwa, bai sami Zainabu ba, bai sami natsuwa ba. A nan Tafida ya yi abin da marubutan soyayya da yawa ba sa iyawa: ya ƙi barin mai karatu ya tsaya a bayan saurayin da aka ƙwace wa budurwa har ƙarshe. Muna tausayin Abubakar a farko, muna tsoronsa a tsakiya. Son da ya koma ƙiyayya har ya iya cutar da ɗan macen da ake so, lalle akwai son kai a gindinsa tun asali.

Amma jikin da ya fi shan wuya na Kyauta ne, shi kuwa ba a yi masa bari ya ƙi ji ba. Ba ya duniya lokacin da aka kai kuɗin auren uwarsa. Bai san Abubakar ba, bai ci masa komai ba. Hausawa na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Jiki Magayi ya ƙara wa wannan magana wani abu mai ɗaci: kafin kwikwiyon ya kai ga mai shi, yakan ciji yaran gida. Laƙabin yaron ma kansa gugar zana ce. An kira shi Kyauta, alhali kuwa da tsada aka same shi, kuma shi aka bar wa biyan kuɗin.

Wasu za su ce ai sammu ne ya lalata Kyauta, don haka labarin na tsafi ne, ba na zamantakewa ba. Ina ganin ko an cire bokan labarin zai tsaya da ƙafarsa. Ɗa tilo da aka daɗe ana jira, wanda uba ke gani a matsayin hujjar cewa abin da ya aikata daidai ne, a gidan da aka kafa bisa danne zuciyar uwarsa: irin wannan yaro ba sai an kai sunansa daji ba kafin ya karkace. Sammu a nan harshe ne da mutanen wancan zamani ke bayyana yadda laifin manya ke gangarowa kan yara. Mai karatu na yau da ke ƙasar Gumel bai bukatar a fassara masa wannan. Daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, kowa ya taɓa jin yarinyar da aka fasa alkawarinta saboda wani mai shanu ko mai shago ya fito, kowa kuma ya ga yaran da ke rarrabe tsakanin gidan kaka da gidan kishiyar uwa bayan auren ya mutu.

Hannun East da Hannun Tafida

Kasancewar sunaye biyu a bango ya sa ana yawan tambayar wane ne ainihin mai littafin. Zubin labarin ya bambanta da na takwarorinsa: zare ɗaya ne, kowane abu yana haifar da na gabansa, babu labari cikin labari irin na Ruwan Bagaja. Ana iya ganin hannun edita Bature a wannan tsari. Haka nan ɗan da ya kashe ubansa cikin rashin sani yana tuna wa wanda ya karanci adabin Girka labarin sarkin nan Odifus.

Sai dai tsari ƙwarangwal ne. Naman labarin, wato zafin rashin haihuwa ga mai dukiya a ƙasar Hausa, da nauyin mafarki, da yadda ake bi ta hannun iyaye a karya alkawari, da yadda mai jin haushi ke bin malamai da bokaye, abubuwa ne da sai wanda ya tashi a cikinsu. Akwai kuma bambanci na asali da labarin Girka. A can ƙaddara ce ta faɗa wa mutum tun kafin a yi laifi. A Galma kuwa mutane ne suka zaɓa, mataki bayan mataki, kuma a kowane mataki akwai damar a ja da baya. Wannan tunani na alhaki da sakayya na gida ne.

Inda Littafin Ya Gaza

Babban raunin Jiki Magayi shi ne Zainabu. A kanta aka yi rikicin, ita ta haifi Kyauta, ita ta rasa masoyi da miji, ta kuma ga lalacewar ɗa, amma labarin na maza uku ne. Mafarkin Malam Shehu muka sani, alwashin Abubakar muka bi, yawon Kyauta muka raka. Ita tana tsakiya kamar gonar da ake shari'a a kanta. Tafida ya ga zaluncin da aka yi wa saurayi da wanda aka yi wa ɗa, bai zauna ya saurari wadda aka aurar ba.

Wannan giɓi shi marubutan baya suka cike. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, inda Boɗaɗo ta buɗe baki ta kare zaɓinta a gaban danginta. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu, wadda aka cire daga makaranta aka ba Sarkin Noma, ta gudu, ta nemi ilimi ta tsaya da ƙafarta. Abu kuwa a Hausa laƙabin Zainabu ne, sai ka ce waccan ta Galma ce ta dawo bayan shekara hamsin da 'yan kai ta faɗi nata. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, inda attajiri Abdulƙadir ya shiga tsakanin Sumayya da Muhammad. Kusurwa ukun nan ta Tafida ce, sai dai yanzu budurwar ce ke jan labarin.

Wannan silsila tana da muhimmanci ga muhawarar da aka sha yi a kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, musamman zargin cewa marubutan soyayya daga finafinan Indiya suka kwaso komai. Ba a musun tasirin Indiya a salon waɗansunsu. Amma finafinan Indiya sai a shekarun 1950 suka fara shigowa gidajen siliman Arewa, Jiki Magayi kuwa ya girme su da kusan shekara ashirin. Jigon mai kuɗi da talaka da budurwa a tsakani a gida aka same shi, domin a gida ake aikata shi. Ko da aka ƙona littattafan soyayya a Kano a 2007, takarda ce ta ƙone, abin da ya haife ta yana nan.

Kammalawa

John Tafida ya cancanci a riƙa ambatonsa a farkon jerin marubutan soyayya na Hausa, da cikakken sunansa da na garinsu. Ya nuna cewa rayuwar cikin gida ta isa a gina littafi a kanta, a lokacin da takwarorinsa ke neman labari a fagen yaƙi da bayan Sahara. Ya kuma tabbatar da cewa adabin Hausa gadon duk wanda ya sha harshen a nono ne, ko a birnin Zariya yake ko a Wusasa. Ɗaliban Hausa na Kwalejin Ilimi ta Gumel da takwarorinsu, waɗanda gobe za su koyar da wannan littafi a azuzuwan karkara, suna da damar su wuce tambayar wa ya yi sammu da wa ya mutu, su kai ɗalibansu ga tambayar da Tafida ya bari a buɗe: ranar da ake karɓar kuɗin auren da yarinya ba ta so, wa ke tsaya wa ɗan da za a haifa?